Kaurin biniyar haƙori da abin da ake yin ta da shi

Biniya wani siririn murfi ne na tangaran da likita ke liƙawa a fuskar haƙoran gaba. Yawanci kaurinta milimita 0.3 zuwa 0.7 ne, kamar farce. Kafin a liƙa ta, yatsa biyu ma na iya karya ta; haƙorin da ta kwanta a kansa ne ke ba ta ƙarfi.

A fara duba farin ɓawon haƙorin, wato inamel. Gam yana kama shi sosai fiye da dantin, wato ɓangaren haƙorin da ke ƙarƙashinsa. Kusa da dasashi ɓawon bai wuce milimita 0.3 zuwa 0.5 ba, don haka a nan 0.3 kawai ake gogewa, a tsakiya 0.5, wajen bakin haƙorin 0.7. Da an zarce an shiga dantin, haƙorin zai riƙa lanƙwasawa kaɗan in an tauna abu, tangaran kuwa ba ya lanƙwasawa, sai ya tsage ko ya ɓalle.

Tangaran na felsfa ya fi kyan gani, amma ƙarfinsa kusan megafaskal (ma'aunin ƙarfi) 100 ne, sai a haƙori mai cikakken ɓawo. Tangaran na litiyam daisiliket, irin wanda ake kira IPS e.max, ya kai 360 zuwa 400, shi ne ya fi dacewa da yawancin mutane. Zakoniya na iya haura 900, sai dai asid na haidrofulorik, wanda ake sa wa tangaran don gam ya kama shi, ba ya cin ta, dole a fesa mata garin alumina a shafa sinadarin MDP kafin gam ya riƙe. Shi kuwa e.max daƙiƙa 20 ake bar masa asid mai kashi 5 cikin ɗari. In an daɗe, tangaran ɗin ya yi rauni.

Ƙara kauri na ƙara juriya ƙwarai, amma duk abin da aka ƙara daga haƙori aka cire shi. Haƙorin da ya dafe ne ke buƙatar 0.7 ko sama don ya rufu. A bakin haƙori kuma, tangaran da ya zarce milimita 2 ba abin da ya tallafe shi, guntulewa yake.

Mutanenmu na Katsina da Daura, ku gaya wa likita gaskiya: kuna fasa goro ko aya da haƙoran gaba? Kuna ɓare rake, kuna jan kilishi? Mai yin haka felsfa mai 0.3 ba tasa ba ce. Mai cizon haƙora cikin barci kuma a yi masa robar da zai riƙa sawa da dare.