Darasi: Yadda Ake Gane Jabun Kuɗi a Cikin Canji

Idan za a biya mutum bashi, yakan zauna ya ƙirga kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Canji kuwa ba ya samun wannan kulawa. Da an miƙo, sai a dunƙule a jefa aljihu. Masu shigar da jabu sun san haka, shi ya sa suke son wurin cunkoso, da lokacin da duhu ya fara, da mai sayen da ke sauri. Sukan cusa takardar jabu a tsakiyar masu kyau, ko su cukurkuɗa ta su shafa mata datti don ta yi kama da tsohuwa. Sau da yawa wanda ya ba ku ma bai sani ba, shi ma wani ne ya ba shi.

Banki ba ya musanya jabu da kuɗin gaske. Duk wanda ta kwana a hannunsa, asarar tasa ce. Kuma kada ku ɗauka babbar takarda kaɗai ake kwaikwaya. Rahotannin Babban Bankin Turai sun sha nuna cewa yawancin jabun yuro da ake kamawa takardun 20 da 50 ne. Babba kowa na duba ta, ƙarama ba ta da riba, sai aka koma kan matsakaita, irin waɗanda ke yawo a canji.

Fara da hannu

Takardar kuɗi ba irin takardar rubutu ba ce. Yawanci da auduga ake yin ta. Ta dalar Amurka kashi 75 cikin ɗari auduga ce, kashi 25 lilin. Shi ya sa take da tauri, kuma idan aka kaɗa ta takan yi ƙara. Jabu takan yi laushi ko santsi kamar an shafa mata kakin zuma.

Ku ja farce a hankali a kan hoton da ke jiki, da sunan babban banki, da babbar lamba. Za ku ji kaushi. Dalili shi ne ana buga waɗannan wurare da farantin ƙarfe da aka sassaƙa, a danna da ƙarfi sosai har tawadar ta tashi sama da takardar. Injin buga takardu na ofis ba ya iya wannan, aikinsa shafe yake fitowa. Sai dai takardar da ta tsufa kaushinta kan ragu, don haka hannu shi kaɗai bai isa hukunci ba.

Wasu ƙasashe na yin kuɗin leda, wanda Ostiraliya ta fara fitarwa a 1988. Na gaske yana da wuyar yagewa daga baki, kuma idan aka dunƙule shi aka saki yakan buɗe da kansa. Idan yana da taga mai haske, tagar jikin ledar ce. In kun ji tudu a gefenta, liƙa ta aka yi.

Ɗaga ta a haske

Wannan gwajin yana kama jabu sosai, kuma bai wuce daƙiƙa biyar ba. Ku ɗaga takardar ta fuskanci rana ko fitila. A farin filin da ba rubutu, wani ɓoyayyen hoto zai bayyana. Tun lokacin haɗa takardar ake yin sa, ta hanyar sa wani wuri ya fi wani kauri, don haka ana ganinsa ta gaba da ta baya, duhunsa da haskensa suna shiga juna a hankali. Mai jabu da tawada mara kauri yake zana nasa. Alamarsa ita ce ana ganinsa sarai ko takardar na kwance a kan tebur, kuma gefensa a yanke yake.

Sai zaren tsaro. A haske, na gaske layi ne guda mai duhu daga sama har ƙasa, ba yankewa, galibi da ƙananan rubutu a jikinsa. Na jabu ko dai zane ne da toka-tokar tawada, ko ƙyalli da aka manna wanda farce ke iya ɓamɓarewa.

Daga nan ku karkata ta gaba da baya. Wurin da aka buga da tawada mai sauya launi zai juya daga wani launi zuwa wani. A sabon samfurin dala 100, lambar kusurwa tana tashi daga launin jan ƙarfe zuwa kore. Ta jabu ƙyalli kawai take yi, launinta ba ya motsi.

Idan an ba ku takardu iri ɗaya guda biyu ko uku, ku dubi doguwar lambar da ke jikin kowacce, ba ta darajar kuɗin ba. Kowace takardar gaske da lambarta daban. Biyu masu lamba ɗaya, lalle akwai jabu.

Inda ake yin kuskure

Mutane da yawa sun dogara da alƙalamin gwaji. Ruwan aidin ne a cikinsa, kuma yana yin baƙi ne idan ya haɗu da sitacin da ke cikin takardar rubutu. Amma akwai masu wanke ƙaramar takardar gaske da sinadari, su buga babbar lamba a kanta. Irin wannan tana tsallake alƙalami, tana tsallake hannu, domin takardar ta gaske ce. Haske ne ke tona ta: ɓoyayyen hoton ko rubutun zaren zai nuna na ƙaramar takardar. Alƙalamin kuma ba ya aiki a kan leda.

Goga kuɗi a farar takarda ma ba hujja ba ne, saboda na gaske kan bar ɗan launi. Wanda tawadarsa ta narke da jiƙaƙƙen yatsa shi ne abin zargi.

Idan kun yi shakka

Ku ƙirga canji a gaban mai sayarwa, kafin ya haɗu da sauran kuɗinku. Da ya shiga aljihu, ba ku da shaidar daga ina ya fito. In wata takarda ba ta kwanta muku ba, ku ce cikin ladabi, "Don Allah a sauya mini wannan." Ba sai an kira kowa ɓarawo ba.

In sai daga baya kuka gano, muna roƙonku kada ku miƙa wa wani. Kashe jabu da sani laifi ne a dokar kusan kowace ƙasa, kuma wanda za ta faɗa wa yawanci ƙaramin mai sana'a ne da ribar yininsa ba ta kai ta ba. Ku sa ta a ambulan, ku rubuta rana da wurin da kuka karɓa, ku kai banki ko ofishin 'yan sanda, ku nemi takardar shaidar karɓa. In bincike ya nuna ta gaske ce, za a mayar muku da kuɗinku.

Aikin gida

Ku samo sabuwar takarda daga banki, irin wadda kuka fi karɓa a canji. Ku nemo wurin kaushi, da ɓoyayyen hoto, da zare, da wurin da launi ke sauyawa. Ku maimaita da tsohuwar takarda mai daraja ɗaya da ita, ku zo aji ku faɗi alamar da ta dushe da wadda ta rage.