Yadda Za Ka Riƙe Tarihin Sarakunan Zazzau Ba Tare da Ka Rikice Ba

Mafi yawan masu son sanin tarihin sarautar Zazzau da haddar jerin sunaye suke farawa: Malam Musa, Yamusa, Abdulkarimu, haka dai har zuwa kan Ahmad Nuhu Bamalli. Kwana biyu sai a nemi haddar a rasa, domin jerin ba ya tafiya daga uba zuwa ɗa. A Kano, tun daga Ibrahim Dabo a 1819 gida ɗaya ke sarauta, da ka san wane ɗan wane ka gama. Zazzau kuwa gidaje huɗu ne, sarauta tana fita daga wannan ta faɗa wancan. Ni idan ɗalibi ya zo mini da wannan bukata, ba na ba shi jeri. Takarda nake miƙa masa da abin rubutu.

Ka samo farar takarda mai faɗi, ka kwantar da ita, ka ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, ta zama gida huɗu. A saman kowane gida ka rubuta sunansa da na wanda ya kafa shi: Mallawa, Malam Musa Bamalli, Barebari, Malam Yamusa, Katsinawa, Malam Abdulkarimu, Sulluɓawa, Abdussalami. Gidan Barebari ka bar masa fili sosai, za ka ga dalili.

Daga nan sai ka bi sarakunan ɗaya bayan ɗaya, kowa ka kai shi gidansu, ka sa masa lamba a gefe. Ukun farko ba wuya: Musa, sai Yamusa a 1821, sai Abdulkarimu a 1834. Su ukun nan duk da su aka yi jihadi, ba wanda ya gaji ubansa a cikinsu, kuma daga nan aka kafa al'adar da ta hana gida ɗaya ya mallake gadon. Bayan Abdulkarimu sai 'ya'yan Yamusa biyu a jere, Hammada wanda bai daɗe ba Allah ya yi masa cikawa, da Mamman Sani. Sai Sidi Abdulƙadir ɗan Musa, sai Abdussalami, wanda shi kaɗai ne Basulluɓen da ya taɓa hawa. Gidansa a takardarka suna ɗaya zai ɗauka, kada ka zaci ka yi mantuwa.

A kan na takwas ne mutane ke tuntuɓe. Abdullahi ɗan Hammada sau biyu ya yi sarauta. Sakkwato ta tuɓe shi, aka naɗa Abubakar ɗan Musa, da Abubakar ya rasu aka dawo da Abdullahi, daga baya aka sake tuɓe shi. Lamba ɗaya za ka ba shi, ka yi alama a gefe. In ka ƙirga shi sau biyu lissafinka zai kai 20, alhali a fada Ahmad Nuhu Bamalli shi ne na 19. Wannan ce hanyar da za ka gwada ko aikinka ya yi daidai: idan ka gama, Barebari su zama 9, Mallawa 5, Katsinawa 4, Sulluɓawa 1.

Bayan Abdullahi sai Sambo ɗan Abdulkarimu, sai Yero ɗan Abdullahi a 1888, sai Kwasau ɗan Yero a 1897. Ka ja layi a ƙarƙashin wannan, domin a duk tarihin gidajen nan huɗu nan ne kaɗai ɗa ya gaji ubansa kai tsaye. Kuma ba da son Sakkwato aka yi ba, Kwasau da ƙarfin mayaƙansa ya tilasta aka naɗa shi.

To, takardarka ta fara magana. Abu na gaba shi ne ka samo jan biro ka zagaye duk wanda ba mutuwa ce ta raba shi da gado ba. Sidi Abdulƙadir, Abdullahi, Sambo, waɗannan Sakkwato ce ta sauke su. Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi, Turawa ne, kuma su biyun Lokoja aka kai su, can suka rasu, kaburburansu na unguwar Kabawa. Mutum biyar cikin 19 ba ƙaramin abu ba ne. A ganina nan ne zuciyar tarihin take. Kasancewar gidajen da yawa ita ta ba na waje damar sa hannu: duk sanda sarki ya saɓa wa Sarkin Musulmi ko Wazirinsa, wanda Zazzau ke ƙarƙashin kulawarsa, akwai wani gidan a shirye yana jiran kira. Da Turawa suka zo ba su ƙirƙiro komai ba, igiyar da suka tarar ita suka ci gaba da ja. Kwasau shi ya nemi taimakonsu saboda hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, amma bayan an kashe Kyaftin Maloni a Kefi a 1902, garin da a lokacin yake ƙarƙashin Zazzau, sai suka juya masa baya.

Ƙarni na 20 ya fi sauƙin riƙewa, domin dunƙule-dunƙule yake. Aliyu Ɗan Sidi, Bamallen nan mai baiwar waƙa, daga 1903 zuwa 1920. Sai Barebari uku a jere: Dallatu ɗan Yero, Ibrahim ɗan Kwasau, da Ja'afaru ɗan Isiyaku wanda ya rasu a 1959. Sai Katsinawa biyu, Muhammadu Aminu zuwa 1975, da Shehu Idris, jikan Sambo, wanda ya shekara 45 ya rasu ranar 20 ga Satumba 2020. Da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli a watan Oktoba na wannan shekarar, shekara 100 cif ke nan rabon Mallawa da gadon. Wanda ya haddace jeri kawai ba zai gane me ya sa Kwarbai, unguwar su sabon sarkin a birnin Zariya, ta cika da murna ranar ba. Mai takarda kuwa yana ganin fegin da ke gidan Mallawa da idonsa.

Maganar shekaru, ka yi hattara da na tsakiyar ƙarni na 19. Littattafai sun saɓa, musamman daga Mamman Sani zuwa Sambo, har ma da shekarar da Malam Musa ya ci birnin: a fada 1804 ake cewa, wasu masana kuma 1808 suke rubutawa. Littafin M. G. Smith na 1960 a kan mulkin Zazzau da abin da za ka ji a bakin dattawan birni ba koyaushe suke haɗuwa ba. Da fensir ake rubuta waɗannan shekarun. Abin da ba ya canjawa shi ne wa ya biyo wa, shi za ka riƙe da biro.

Kada aikin ya tsaya a tebur. Ka shiga birni ta Ƙofar Doka ka je Masallacin Juma'a da ke kusa da fada. A cikin sabon ginin akwai tsohon ginin ƙasa da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a zamanin Abdulkarimu. Ka tsaya ƙarƙashin bakan gizon nan ka ɗaga kai, ka ga yadda aka lanƙwasa azara aka lulluɓe ta da ƙasa har ta ɗauki nauyin rufi ba ƙarfe ko ɗaya. Bayan wannan, sunan Abdulkarimu ba zai sake ɓace maka ba. Ranar hawan sallah kuma ka ajiye waya ka kasa kunne ga maroƙa da 'yan kirari, domin idan hakimi ya zo wucewa sukan jero kakanninsa, nan take ka san gidan da ya fito.

In za ka tambayi dattijo, ka je da ladabi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka bari ya gama zancensa kafin ka sako tambaya. Kuma kada ka fara da "Baba, me ya sa aka tuɓe wane?" Wataƙila kakansa ne. Ka ce, "Ranka ya daɗe, yaya zamanin wane ya kasance?" Shi da kansa zai kai ka wurin. Abin da ka ji a gida ɗaya ka je ka ji yadda wani gidan ke ba da shi, domin kowa gwanin gidansu yake yabo, labarin tuɓewa ɗaya sai ka ji shi iri uku. Mai son takardun Turawa kuma ya nufi Kaduna, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk suna can.

Sauran abu ɗaya: ka juya bayan takardar ka buɗe gida na biyar. Sarkin Haɓe na ƙarshe, Muhammadu Makau, da aka kore shi daga birni kudu ya nufa, wajen Zuba. Ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ya bar wa babban birnin tarayya sunansa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har yau Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin Suleja. Don haka idan ka ci karo da "Sarkin Zazzau" a tsohuwar takarda, ka fara duba wurin da aka rubuta ta kafin ka sa sunan a gaban takardarka ko a bayanta.