Yadda Ake Haɗa Mutum-mutumin Bakanike Irin R2-D2 a Gida

Duk wanda ya kalli fim ɗin Star Wars ya san ɗan gajeren mutum-mutumin nan mai kai kamar kifaffen kwano, wato R2-D2, wanda ya fara fitowa a 1977. Aikinsa a labarin kanikanci ne. Ana cusa shi a wani gurbi bayan matuƙin kumbon yaƙi na X-wing, kansa kaɗai ke leƙowa waje, yana gyara abin da ya lalace ana cikin tafiya, yana kuma taimakawa da lissafin hanya. A wancan fim ɗin, a wasu fitowar mutum ne a cikinsa, ɗan wasa Kenny Baker. Yau kuwa mutane na haɗa nasu a gida. Akwai ma ƙungiyar masu wannan aiki da Dave Everett ya kafa a Ostireliya a 1999, kuma biyu daga 'yan ƙungiyar a Ingila sai da aka ɗauke su aikin haɗa R2-D2 na fim ɗin Star Wars na 2015.

Na ga samari da dama sun fara wannan aiki sun watsar, kuma kusan dukansu da kai suka fara. Su kashe kuɗinsu a fitilu da fenti, kan ya yi kyau, sai a ajiye shi kan durowa yana shan ƙura, babu jikin da zai ɗauke shi. Kai dai ka fara da ƙafa.

Ƙafafu uku ne: biyu dogaye da ke maƙale a kafaɗa, sai gajera a tsakiya. A fim ta tsakiyar tana shigewa ciki ta fito. Kada ka gwada wannan a karon farko. Ka kafe shi a tsayuwar ƙafa uku, jikin ya ɗan jingina baya, ka ɗaure kafaɗun da noti mai kauri yadda ba za su motsa ba. Filawud mai kauri, a manna biyu ko uku, ya ishi ƙafafun. Masu hali suna yi da alminiyom, amma kuɗinsa zai iya saya maka babur, kuma idan ka yi kuskuren awo ba ya gyaruwa da sauƙi. Injin tafiya kuwa, ka nemi na motar yara mai batir da ta lalace, guda biyu, ɗaya a kowace doguwar ƙafa. Ta tsakiyar taya mai juyawa kawai take so, irin ta ƙasan kujerar ofis, amma babba.

Batir a can ƙasan jiki ake ajiye shi, a ɗaure. Na babur mai bolt 12 ya wadatar. Idan ka ɗora shi sama, ranar da tayar gaba ta ci karo da dakali zai kifa da fuska. Ka sa fyus kusa da batirin kafin ka jona komai.

Faɗin jikin da na kan kusan inci 18 ne, tsayinsa gaba ɗaya kuma wajen mita ɗaya. Ka nemi kan tukuna ka auna shi, sannan ka yanka zobunan filawud na jiki daidai da shi. Babban kwanon silba mai zurfi yana yi, in dai bayansa ya kumbura sosai, ba mai shimfiɗaɗɗen gindi ba.

To, ga inda ni na sha wuya. Kan yana zama ne a kan zoben boris, ƙaramin inji mai tayar roba yana goga gefen zoben yana juya shi. Injin waifar mota ma yana yi. Ni da na gama, sai na zuro wayoyin fitilun kai daga batirin ƙasa kai tsaye. Ranar gwaji yaran unguwa sun cika tsakar gida, na danna rimot, kan ya juya sau ɗaya, sau biyu, a na huɗu sai na ji ƙarar tsinkewa da ƙaurin roba. Da na ɗaga kwanon, wayoyin sun murɗe kamar igiyar guga, biyu sun saɓule sun haɗu. Allon sarrafa injin da na yi wata biyu ina tara kuɗinsa ya ƙone a nan take.

Maganin abin guda biyu ne. Akwai wata 'yar na'ura da ake kira silif rin, rabinta na juyawa rabinta na tsaye, wuta na ratsawa ba tare da waya ta murɗe ba. Dole ta zauna a tsakiyar kan cif. Ka ja zare biyu daga gefe zuwa gefe, kowanne ta inda kan ya fi faɗi, inda suka gicciye nan ne wurinta, domin idan ta karkace ko da ɗan yatsa ne za ta riƙa jan wayoyin. Idan ba ka same ta ba, ka ba kan nasa ƙaramin batir a cikinsa, babu waya ko ɗaya da za ta sauko jiki. Ni wannan na fi so yanzu, ya fi arha kuma babu fargaba. Ko wanne ka zaɓa, ka juya kan da hannu sau ashirin kowane ɓangare kafin ka ba shi wuta.

Saura ƙananan ayyuka ne. Ka lulluɓe jikin da farantin roba ko siririn kwano, ka goge da sanfefa, fari a jiki, shuɗi a faifan kai da layukan gaba, kan kuma a bar shi da launin silbarsa. Babban idon nan baƙi, gilashin tsohuwar fitilar hannu ya isa. Kukansa mai kama da fito da tsuwa, wanda mai haɗa sautin fim ɗin, Ben Burtt, ya haɗa da muryarsa da na'urar sauti, ƙaramar lasifika a ciki da katin memori na waya za su ba ka shi. Gwajin tafiya na farko a kan siminti mai santsi za ka yi, a cire kan, wani kuma ya tsaya kusa da makunnin batir.