Kafin ka ba dillali kuɗin aikin jirgin ƙanƙara

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a bakin kogi nan Yawuri wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa: hoton farin jirgi a tsakiyar duwatsun ƙanƙara, wai ana ɗaukar ma'aikata, a turo kuɗin fom. Har ya fara neman mai sayen injin kwale-kwalensa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Don Allah ku dakata.

Jiragen dai akwai su. Masu yawon buɗe ido suke kaiwa Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, galibi daga garin Ushuwaya na Ajantina, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da sanyin can ya ɗan sassauta. Wajen kwana 2 ake yi ana ƙetare mashigin Direk, ruwa mai haukan igiya. In an isa sai a riƙa sauke mutane cikin ƙananan kwale-kwalen roba, ba a barin fiye da 100 su taka ƙasa lokaci guda.

Amma iya tuƙi a kogin Neja kaɗai ba zai kai ka can ba. Sai da takardar horon STCW, wato horon ma'aikatan jirgin ruwa da duniya ta amince da shi, da littafin ma'aikacin jirgi na NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya. Kuma yarjejeniyar MLC ta 2006, wadda ke kare haƙƙin ma'aikatan jirgin ruwa a duniya, ta hana dillali karɓar kuɗi a hannun ma'aikaci don ya samo masa aiki.

Duk wanda ya ce kawo kuɗi, ka nemi sunan jirgin da lambarsa ta IMO, wato lambar shaidar jirgi ta hukumar sufurin teku ta duniya. Alƙaluma 7 ne. Ka bincika a intanet, sannan ka rubuta wa kamfanin da kanka.