Yadda Za Ka Kalli Wata da Idon Mai Bincike

Tun Disamban 1972, da 'yan sama jannatin Apollo 17 suka baro duniyar wata, babu wanda ya sake taka ta, shi ya sa shirin Artemis na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, mai burin sake kai mutane can, ya farfaɗo da ɗokin jama'a. Idan kana son ganin wurin da idonka, nemi madubin hangen nesa, ko da ƙarami ne, ka jingina hannuwanka kan abu mai ƙarfi don kada hoton ya riƙa rawa. Kada ka jira daren sha huɗu, domin haskensa yana shafe komai. Daren bakwai ya fi, saboda inuwa tana fito da ramuka da duwatsu a iyakar haske da duhu. Sannan ka duba ƙuryar kudancin watan, inda masana suka fi mai da hankali saboda ƙanƙarar da ke cikin ramukan da rana ba ta leƙawa.