Hoton hazo a hanya: tabarau ɗinka ya isa

Jama'a, masu tafiya a wannan hunturu, ga dabara.

In kana son hoto mai kama da zanen fenti, ba sai ka sayi gilashin rage haske na kyamara ba. Ɗora baƙin tabarau ɗinka a kan idon wayar.

Buɗe kyamarar wayar, shiga sashen Pro, inda kake saita ta da kanka. Mayar da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, ƙasa, 50 ko 100. Harafin S kuma, wato tsawon lokacin da idon kyamarar ke buɗe, kai shi 1/8 ko 1/4 na daƙiƙa. Sai ka latsa, kana jan wayar a hankali daga ƙasa zuwa sama.

Dalili shi ne idon kyamarar yana daɗewa a buɗe, duk abin da ya motsa sai ya zama zane. Tabarau ke tare hasken da zai wanke hoton. Hazo kuwa ya riga ya dusashe komai, launi biyu ko uku ne suka rage. Gwada da giginya ko jerin dogon yaro: kututture ya miƙe, ganye ya narke cikin toka-toka. A mota ma ba sai ka ja hannu ba, gudunta ya wadatar. Ni dai na fi son hanyar Jos da sassafe, a watan Disamba ko Janairu.

Da tsakar rana dabarar ba ta ci, hoton fari fat zai fito ko da tabarau. Fuskar mutum ma ɓaci take yi.

Goge idon wayar da ƙyalle mai laushi tukuna, ƙurar hunturu ba ta da kunya. Sanyi kuma yana shan batir, ajiye wayar a aljihun ciki.

Direba, kai ban da kai.