Yadda za ka gyara sifirin ɗin tsohuwar ƙaramar tirela kafin tafiyar gida

Ƙaramar tirelar nan tamu mai taya biyu ta girmi ƙannena duka. Baba ne ya sa aka ƙera masa ita a Panteka lokacin yana jan 504 doguwa irin wadda a da ake haɗawa a nan Kakuri, kuma tun lokacin aikinta ɗaya ne, in an gama girbi sanyi ya fara shigowa sai a loda mata tabarmi da katifu da tamfol da tukwane da gidan sauro a nufi ƙauyenmu can wajen Maƙarfi, a yi kwana uku ana kwana a waje ana jin ɗumi, yara su sha rake har muƙamuƙi ya gaji. Da can a gona muke kafa tamfol ɗin, yanzu kam kowa ya san halin da ake ciki, a filin bayan gidan Kaka muke yada zango. Sauran watannin shekara tana ajiye a bayan gida ruwa na dukanta, kuma wannan zaman shi ke cinye ta, ba tafiyar ba.

Toh kafin ka ɗauko sifana, fara da ido. Ajiye ta a wuri mai daidai ba kaya a kai, ka koma baya ka tsuguna. In gefe ɗaya ya fi sauka, sifirin ɗin wannan gefen, wato fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da bodi, ya gaji. Lafiyayyen sifirin a lanƙwashe yake kamar baka, in ka ga ya miƙe sak ko ya fara juyawa ƙasa ya gama aiki. Ka duba falle falle da tocila, musamman kusa da ƙusar tsakiya da kuma wajen idon, wato zagayen nan na ƙarshen sifirin inda ƙusa ke shiga, nan ya fi tsagewa. Ka leƙa saman taya ma, in ka ga inda ta goge bodi har ƙarfe ya yi sheƙi, ka samu amsa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganar walda. Kar ka yarda a yi wa karyayyen sifirin walda, ko wa ya ce maka zai riƙe. Ƙarfen sifirin tun a masana'anta an gasa shi an sanyaya shi ta yadda zai lanƙwashe ya dawo, wutar walda tana ɓata wannan, sai gefen ɗinkin ya yi tauri ya riƙa karyewa kamar busasshen kara. Mu mun ɗanɗana, wata shekara falle ɗaya ya karye mana wajen Jaji, wani mai walda a bakin hanya ya liƙe shi ya rantse ya maya, ba mu kai Zariya ba ya sake ɓallewa dab da ɗinkin, Hajiya na zaune a mota tana ta salati. Canzawa ake yi, kuma gefe biyun tare, don in ka sa sabo a dama ka bar tsoho a hagu tirelar za ta karkace ta dinga cin taya ɗaya.

Wajen saye ka cire tsohon ka tafi da shi, shi ya fi. In ba hali, auna faɗin fallen, ƙirga fallayen nawa ne, sannan ka auna daga ido zuwa ido ba nauyi a kai, amma ka tuna wanda ya gaji ya miƙe zai fi sabo tsawo kaɗan, don haka auna gefen da ya fi lafiya. Kar kwaɗayi ya sa ka ƙara fallaye wai don ta ɗauki buhunan masara a dawowa, aksil ɗin, wato sandar ƙarfen da tayoyi ke jikinta, da boris da taya suna nan yadda suke, kawai za ta yi ta tsalle ne in ba kaya.

Kwana ɗaya kafin aikin ka jiƙa duk notinan da kananzir ko man kwance tsatsa. Ranar aiki ka bar ta a maƙale da mota ko ka tokare tayar ɗaya gefen da dutse, sassauta notin taya tun tana ƙasa, ɗaga da jak, ka sa tsayayyen ƙarfe ko kututture mai kauri a ƙarƙashin shasi. Bulo na siminti ba abin yarda ba ne, yana farfashewa ba sallama. Sai ka mayar da jak ɗin ƙarƙashin aksil ya ɗan tallafe shi, ka kwance yu-bol, wato ƙarafan nan biyu masu siffar U da suka rungume aksil da sifirin, sannan ƙusar gaba da ta baya. Gefe ɗaya a lokaci guda, ɗayan ya zame maka abin kallo in ka rikice.

A nan za ka ga abin da ya jima yana yi maka ƙara, bushin, wato zoben da ke cikin idon sifirin wanda ƙusa ke ratsawa. Yawanci za ka tarar ya cinye ƙurmus, ƙusa tana gogar ƙarfe kai tsaye har ramin shakul ya zama kamar ƙwai maimakon zagaye. Shakul shi ne 'yan ƙarafan bayan nan masu lilo, su ke ba sifirin damar miƙewa in an faɗa rami. In raminsu ya buɗe canza su, ba su da tsada. Maƙalin da ke jikin shasi kuwa in ya tsage, shi wannan ana yi masa walda ba matsala.

Wajen mayarwa, kan ƙusar tsakiya dole ya faɗa cikin ramin da ke mazaunin aksil, in bai zauna ba kar ka ɗaure. Yu-bol sabo za ka sa, tsohon ya riga ya miƙe. Ɗaure notinan huɗu kaɗan kaɗan kana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, in kana da sifana mai awo, yu-bol mai kaurin rabin inci yana son wajen 60 zuwa 95 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Shakul kuma kar ka matse shi har ya kasa lilo, kuma sai ka sauke tirelar ƙasa kafin ɗaurin ƙarshe. Daga nan ka ja igiya daga bakin maƙalin mota zuwa kowane ƙarshen aksil, tsawon ya zo ɗaya.

Tunda taya na waje, buɗe boris ka wanke da kananzir ka cusa sabon giris. Notin ka ɗaure ka ɗan sassauta har tayar ta juya sumul ba girgiɗi, ka sa sabon fin, ɗan ƙarfen nan da ke hana notin kwancewa. Duba lambobi huɗun nan na jikin taya, 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018, tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta na nan.

Lodi kuma, kaya masu nauyi su zauna gaban aksil kaɗan, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan maƙalin mota, in nauyi ya koma baya za ta fara kaɗa wutsiya a kan titi. Yara za su yi ta naci su hau ciki, mu ma mun yi, kar ka bari.

Sabon yu-bol yana sassautawa bayan tafiyar farko, kuma daga Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, daidai inda ya kamata a sake bi. Don haka sifana tana ƙarƙashin kujerata, in mun isa Zariya sai in tsaya, su Hajiya su sauka su yi sallah, ni in shiga ƙasa in bi notinan ɗaya bayan ɗaya in taɓa cibiyar taya da bayan hannu, in ɗumi ne kawai sai mu kama hanyar Maƙarfi.